Zanen da Ke Gindin Kwano

Talata, 27 ga Mayu, hutun cin abincin rana

Kai da kake leƙa min littafi, wa ya koya maka karatu? Kada ka ce makaranta. Makaranta gini ce, kuma bulo bai taɓa koya wa kowa komai ba. Suna nake so ka kira, sunan wanda ya zauna kusa da kai ya ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙi har ka gane shi. Ka tuna? To je ka gode masa, ka rufe min kayana.

Ni dai ba ni da sunan da zan kira. Sunana Asher, shekarata ashirin, aikin faci da canjin taya nake yi a shagon Dell. Ni da ƙanwata Keziah ba mu taɓa zama a aji ba. A teburin kicin muka yi karatu, kamar rabin yaran cocinmu. Mama ta buɗe littafi ta karanta babi guda da bakinta, mu saurara, ta rufe ta ce, “To, ku maido min.” Sai mu ba ta labarin da namu bakin. Maidowa ke nan, kuma ita ce darasin Turanci a gidanmu tun ina cikin wandon barci.

Jiya Baba ya kira daga hanya, ina jin ƙugin tirelarsa a bayan muryarsa.

“Ash, bana Kez za ta shiga matakin sakandare. Doka na son Turanci shekara huɗu, a tsare, a rubuce. Uwarku ce ke yi. Ni hannu kawai nake sawa.”

“To.”

“Kai ne mai cin littafi a gidan.”

“Baba, na ce to.”

Ba zan rubuta komai a kan Mama ba. Tana asibiti a Pittsburgh. An ce tana samun sauƙi.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Na yanko kwali a shago, na manna shi a bangon kicin kusa da kalandar Mama, wadda ta cika da zane-zanenta, ƙararrawa a ranar coci, kwando a ranar wanki. Na ja layi huɗu. Shekarar farko gajerun labarai da nahawu. Ta biyu marubutan ƙasar nan. Ta uku na ƙetaren teku, har da mawaƙan nan masu kuka a kan fure. Ta huɗu dogon rubutun bincike da jawabi a gaban jama’a.

Kez ta tsaya a bayana tana gatsar tuffa.

“Farfesa, duk wannan ni kaɗai?”

“A’a, ke da kare.”

“Karanto min in ji.”

“Idonki ya tafi hutu ne?”

“Wa zai iya da rubutunka? Kamar kaza ta yi tono.”

Na karanto mata. Ta maido min daga farko har ƙarshe, har da tarin da na yi a tsakiya. Shi ya sa nake ce mata Aku. Ka karanta wa yarinyar nan babi ɗaya, ta ba ka shi da muryar kowa a ciki, har ya fi na marubucin daɗi. Zan yi da ita abin da ba a yi da ni ba. Za ta ci littattafai har su fito mata ta hanci.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi

Firij ya cika ya batse. Matan coci sun yi mana layi, kowace da kwanonta, taliya da cuku, dankali da cuku, kaza da cuku. Da cuku yana warkar da mutum da tuni an rufe asibitoci. Kowace ta manna tef a gindin kwanonta ta rubuta sunanta, don a wanke a mayar mata. Kez ce ke wankewa ta rarraba a keke.

Gwaggo Lorna, yayar Baba, ta zo da nata. Ita ce shugabar ƙungiyar iyaye masu karatun gida, waɗanda ke haɗuwa ranar Alhamis a ɗakin ƙasa na coci. Ta daɗe tana kallon kwalina.

“Ka yi ƙoƙari, Asher. Amma duk waɗannan akwai su a murya. Ka sauke mata a waya ta riƙa saurara.”

“Tana da ido, Gwaggo.”

“Ban ce ba ta da shi ba. Kowane yaro da hanyarsa.”

“Hanyar kunne ta isa haka. Shekara tara ana zuba mata kamar tulu.”

“Bakin nan naka,” in ji ta, “wata rana zai yanke ka.”

Ni ta kunne aka fara da ni. Amma Mama tana da wata mugunta, ba ta rufe littafi sai an zo daidai inda wuƙa ke wuyan mutum. Ta ɗora shi a saman firij ta ce sai gobe. Ina shekara goma sha ɗaya haƙurina ya ƙare. Na taka kujera na sauko da shi, na ɓuya a bayan rumbun masara, na yi ta kokawa da baƙaƙe kamar mai fasa dutse da haƙori, don kawai in san ko an yanka mutumin. Ba a yanka shi ba. Amma daga ranar ban sake jiran bakin kowa ba.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan la’asar

Mun je Pittsburgh. Mun dawo.

Laraba, 4 ga Yuni, da yamma

Misis Petrakis ta kira tana dariya. Kez ta kai mata kwanon Misis Dombrowski, ta kai wa Misis Dombrowski nata. Dukansu sababbi ne a cocin, bara suka zo, ɗaya asalinta Girka, ɗaya Poland, kuma kwanukan iri ɗaya ne, na gilashi masu kunne biyu. Na je na karɓo su na ajiye a tebur.

“Aku, kin haɗa yaƙi tsakanin Girka da Poland.”

“Iri ɗaya ne ai.”

“Shi ya sa aka rubuta suna. Juya ki gani.”

Ta juya. Ta kalla.

“Na wa ne?”

“Na ɗaya daga cikinsu.”

“Ke, karanta mana.”

Ta ci gaba da kallo. Kunnenta ya yi ja. Can ta ce, “Da P ya fara.”

“Sai me?”

Ta ajiye kwanon a hankali kamar ƙwai, ta ce kaji ba su sha ruwa ba, ta fita. Kajin da na ba ruwa da hannuna kafin in shigo.

Wataƙila tef ɗin ne ya jiƙe. Na duba. Bai jiƙe ba.

Jumma’a, 6 ga Yuni, da safe kafin aiki

Ban ba ta littafi ba, don duk littafin da ke gidan nan yana cikin kanta. Kwalin hatsin karin kumallo na tura mata, na nuna layin da ke gefe. Ƙananan kalmomi, masu baƙi biyu ko uku, ta tsince su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ta zo kan mai tsawo sai ta kalli baƙin farko, ta kalli fuskata, ta yi canki.

“Ba sa tsayawa wuri ɗaya, Ash. Ina kama wannan, wancan ya gudu.”

“Rubuce-rubucen da ke cikin fayil ɗinki fa? Shafi biyar a kan yaƙin basasa?”

“Ni na faɗa, Mama ta buga.”

“Saƙon waya?”

“Wayar ke karanta min.”

“Waƙoƙin coci? Ina ganinki riƙe da littafin.”

“Kowa riƙewa yake yi.”

Shekararta goma sha biyar. Na zauna a tebur ɗaya da ita duk rayuwarta, ina ce mata Aku, ina jin na iya zolaya.

Ta riƙe min hannun riga. “Kada ka gaya wa kowa. Za su ce laifin Mama ne, ita kuma ba za ta iya…” Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ba zan ƙarasa mata ba.

Jumma’ar dai, hutun rana

Misis Lauver. Tsohuwar malamar makaranta ce, tana da lasisi, kuma ita ce mai duba karatun yaran ƙungiya. Kowane watan Yuni takan zo gidanmu, ta ci kek ɗin tuffa, ta bubbuɗe fayil, ta ce, “Keziah, ba ni labarin littafin da kika fi so bana.” Kez ta buɗe baki, Misis Lauver ta share hawayen daɗi, ta sa hannu cewa karatu yana tafiya daidai. Takardar ta tafi ofishin ilimi, ofishin ilimi ya ƙyale mu sai baɗi. Sau tara. Matar da ta yi shekara talatin tana koyar da ’ya’yan mutane ba ta taɓa miƙa wa yarinya shafi ta ce karanta ba?

Bana ma kafin ƙarshen wata za ta zo. In ta sa hannu, Kez ta shiga sakandare a takarda, ta fita a takarda, a ba ta shaida ta rataya a bango ba ta san me aka rubuta a ciki ba. In ba ta sa ba, ofishi ya shigo, a gwada Kez, a nema mata wanda ya san irin wannan matsalar. Kuma sunan Mama ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa shan shayinta ba.

Na ɗaure ƙusoshin wata mota da ƙarfin da ya sa Dell ya leƙo. “Yaro, tayar ce ta zage ka?”

Litinin, 9 ga Yuni, da yamma

Na gaya wa Baba. Kez ta ce kowa, amma Baba ba kowa ba ne. Ya bari na gama.

“Bari uwarku ta dawo.”

“Ta dawo ta yi me, Baba? Da wane…”

“Kul.”

Ya ci gaba.

“Lauver za ta sa hannu kamar kullum. Kai kuma ka koya mata a hankali, ba kai ne gwani ba? Amma ba za ka jawo min gwamnati cikin gida matata na kwance ba. Ka ji ni?”

Bai yi mamaki ba. Sai da na ajiye wayar na lura da haka. Na ce gajiya ce.

Talata, 10 ga Yuni, da safe

Mun fara. Baƙi da sautinsa, kamar ’yar shekara biyar. Ta gane. Ta yi murna.

Alhamis, 12 ga Yuni, da yamma

Abin da ta gane ranar Talata ya gudu. Kalma ɗaya a layi na sama ta san ta, a layi na ƙasa ta zama baƙuwa. Na yi mata tsawa. Na ce ni ba wanda ya koya min, ke ga mai koya miki kina wasa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

“Kai ka taka kujera ka sauko da shi,” in ji ta. “Ni ma na taka, Ash. Sau da yawa. Na buɗe, na mayar.”

Kwalin shekara huɗu yana bango yana min dariya. Marubutan ƙetaren teku, wai. Ni faci na iya. Wannan ba huda ba ce da zan liƙe.

Asabar, 14 ga Yuni, da rana

Ta tambaye ni me ya sa na daina ce mata Aku. Na ce mantuwa.

Lahadi, 15 ga Yuni, bayan coci

Jiya ni na yi wanke-wanke, don ba ta son taɓa kwanukan yanzu. Ina kifewa ina jerawa sai idona ya tsaya. A gefen sunan Gwaggo Lorna an zana ’yar tuffa. A gefen na Misis Hershberger, kyanwa. Na matar fasto, kifi. Duk tsofaffin matan coci da zanensu. Kwano biyu kaɗai ne ba su da shi, na Petrakis da na Dombrowski.

Na sha ganin zanen nan. Na ɗauka kwalliyar mata ce.

Yau akwai cin abinci tare bayan wa’azi. Na shiga kicin ɗin coci na yi ta kife kwanukan mutane, mata na kallona kamar na zare. Ga kwanon Gwaggo Lorna, suna kawai. Ga na Misis Hershberger, suna kawai. Ba tuffa, ba kyanwa. Gidanmu kaɗai ake aiko wa zane.

Na tare Gwaggo a wurin ajiye motoci.

“Tuffar ta wace ce?”

“Wace tuffa?”

“Gwaggo, yanzu kika fito daga coci.”

Ta sa makulli a jaka, ta fito da shi, ta sake sawa. “Don kada yarinya ta ji kunya. Laifi ne?”

“Tun yaushe?”

“Ka rage murya.”

“Jarrabawar da aka yi wa yara a ɗakin ƙasa, da kika karanta musu tambayoyi da baki wai don a yi sauri, ita ma don kunya ce? Ranar karatun aya da kullum ake tura ta raino a ɗakin jarirai?”

“Asher, mun so ta. Kowa a nan yana son yarinyar nan. Kai da kake cikin gidan, me ka gani?”

Wannan ta same ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce, “Wa ya fara? Wa ya ce ku riƙa zana mata?”

Ta kalle ni da wani irin tausayi da na fi son mari a kansa. Ta shiga mota.

Lahadin dai, kafin faɗuwar rana

Na buɗe ɗakin ajiyar abinci. Kwalaben Mama jere, kowace da ɗan zane a murfinta. Na kalli murafen. Na kalli kalandar.

Na rufe.

Laraba, 18 ga Yuni, hutun rana

Ba zan rubuta komai a kan Mama ba.

Jumma’a, 20 ga Yuni, da yamma

Baba ya dawo. Gobe Misis Lauver za ta zo. Ya sayo kek a kanti, ya juye shi a farantin Mama don a ɗauka na gida ne.

“Ka karanta wa ’yar’uwarka babi ɗaya ta riƙe,” ya ce. “Kuma gobe bakinka ya yi hutu.”

“Ni ba zan…”

“Karanta min, Ash,” in ji Kez. Muryarta ba ta rawa.

Na karanta. Labarin wata yarinya ce mai tsaron fitilar bakin teku bayan ubanta ya faɗi. Ta rufe ido ta sha shi duka. Ina karantawa ina jin kamar ina taimaka wa a binne mutum da rai, kuma shi ke miƙo min shebur.

Na yi mata alkawari, na yi wa Baba shiru. Wanda ya ce bakina ba ya rufuwa ya zo ya gani.

Asabar, 21 ga Yuni, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru kafin in fara ƙara masa gishiri.

Misis Lauver ta zo da jakarta mai furanni. Ta tambayi jikin Mama. Ta ci kek, ta ce hannun Mama ba ya ɓuya. Baba ya kalli tagar. Ta bubbuɗe fayil, ta ciro takardarta ta ajiye biro a kai.

“To, Keziah, ba ni labarin littafin da kika fi so bana.”

Kez ta ba ta. Yarinyar, fitilar, iska, jirgin da ke neman gaɓa. Har ni da na karanta jiya sai da tsigar jikina ta tashi. Misis Lauver ta ɗauki biro.

“Misis Lauver,” in ji Kez, “ba ki taɓa cewa in karanta miki ba.”

“Ba sai kin yi ba, ’yata.”

“Ina so.”

“Keziah,” in ji Baba.

Ba ta kalle shi ba. Ta jawo takardar da za a sa wa hannu, ta juyo ta gabanta, ta ɗora yatsa a layin farko. Ta kama kalma ɗaya. Ta kama ta biyu. A ta uku ta tsaya, leɓenta na motsi, ta koma baya, ta sake tahowa. Agogon bango ya yi ta aikinsa. Na san kalmar, tana kan harshena, na cije shi har na ji gishiri. Ba wanda ya cece ta. Ina jin wannan ne karo na farko a rayuwarta da ba wanda ya cece ta.

Ta ɗago. “Nan na tsaya. Me takardar ta ce?”

Misis Lauver ta cire tabarau. “Ta ce karatunki yana tafiya daidai.”

“Yana tafiya?”

Matar ta daɗe tana goge tabarau da gefen rigarta. Sai ta juya wajen Baba ta faɗi wata magana, a kan wata shekara da Kez take ƙarama, da abin da ta ba da shawara a yi, da amsar da aka ba ta a wannan teburin, da wadda ta ba ta amsar. Ba zan rubuta ba.

“Kuma kika ci gaba da sa hannu,” na ce. Hutun bakina ke nan ya ƙare.

“Na ci gaba,” ta ce. Ba ta kare kanta ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Na shirya faɗa, aka ba ni bango mai laushi.

Ta mayar da biro jaka. Takardar ma ta tafi da ita, fara. Baba ya fita ya zauna a cikin tirela, injin a kashe.

Kez ta jawo sauran kek ɗin. “Na kanti ne ko?”

“Na kanti ne.”

“Na sani. Kwali ya fi shi daɗi.” 

Litinin, 23 ga Yuni, da safe

Baba ya kama hanya tun kafin mu tashi. Bai yi sallama ba. Ya cika wa kaji ruwa.

Talata, 24 ga Yuni, hutun rana

Wata mata ta kira daga ofishin ilimi. Misis Lauver ta rubuta musu gaskiya, har da nata rabon. Za a gwada Kez a watan gobe. Matar ta ce abin yana da suna, yara da yawa suna da shi, akwai masu koyarwa na musamman, kuma da an kama shi tana shekara bakwai da ya fi sauƙi. Ta ce za a kira iyaye zama. Na ce ɗaya yana hanya. Ta ce ɗayan fa? Na ce ɗayan ba za ta samu zuwa ba.

Ba a kawo kwano ko ɗaya ba tun ranar Asabar, sai na Misis Dombrowski, wadda ba ta san komai ba. Labarin da ke yawo shi ne ɗan Renata, wato ni, ya kira wa uwarsa hukuma tana kwance. Dell ne ya gaya min, matarsa ta jiyo.

“Kai ka kira?”

“A’a.”

“To me ya sa ba ka faɗa ba?”

“In ce ƙanwata ce? Su bar shi a kaina, wuyana ya fi kauri.”

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Na cire kwalin zan kai shara. Kez ta ce in juya bayansa, ai fari ne.

“Rubuta sabon tsari, Farfesa.”

“Na ajiye muƙamin.”

“Rubuta. Shekarar farko.” Ta yi tunani. “Ranar Lahadi a asibiti, da ka je neman kofi, Mama ta nuna min littafin da ke kan durowarta. Da hannun hagu. Ta yi ta nunawa tana kallona. Na ce mata na manta tabarau.” Kez ba ta sa tabarau. “Rubuta: in karanta wa Mama shafi ɗaya. Da idona.”

Na rubuta. Da manyan baƙaƙe, a tsaye, ba tonon kaza.

“Shekara ta biyu fa?”

“Bari mu ga ta farko.”

Wannan shi ne tsarin Turancin sakandare na gidanmu. Layi ɗaya. Duk wanda ya ga ya yi kaɗan ya zo ya gwada.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Yau ƙungiya ke zaman tsara darussan baɗi. Za a jera kujerun ƙarfe a ɗakin ƙasa, a yi addu’a, a yi gardama a kan wane littafi ya dace da ’yan aji tara, wane ne yake da zagi a ciki. Gwaggo Lorna ta aiko cewa ba sai na zo ba, ana tausaya mana.

Na tambayi Kez ko ta yarda in je in faɗa musu. Ta ce, “Kowa ya riga ya sani, Ash. Ni kaɗai ce na ɗauka sirri ne.” Ta taya ni loda kwanukan a bayan mota. Ta ce za ta zo, amma a kujerar ƙarshe ta ɗakin za ta zauna, kusa da ƙofa.

Zan jera su a teburin gaba, a kife. Tuffa, kyanwa, kifi. Ba zan fasa ko ɗaya ba, duk da hannuna na ƙaiƙayi.

Na san abin da za ku ce, kun so ta. Na yarda. Ni ma na so ta ina ce mata Aku. Amma akwai yara fiye da talatin da ke sauka ɗakin ƙasan nan, kuma ina son in san ko akwai wani gidan da ake aika wa zane, wani yaron da kullum ake turawa raino ranar karatun aya. Uwarsa na zaune a cikinku, ta ɗauka ita ma sirri take riƙewa.

Wadda ya kamata in fara tambaya tana kwance a Pittsburgh tana nuna littafi da hannun hagu. Ba ta da bakin amsawa, kuma ko ta samu ba zan tambaye ta ba. Ku kuna da baki. Gwaggo Lorna, Misis Hershberger, matar fasto, ba a wurin ajiye motoci ba, ba a rage murya ba. Ku tashi tsaye a gaban iyayen nan, a gaban yarinyar da ke zaune kusa da ƙofa, kowace ta ɗauki kwanonta ta faɗa: shekara nawa kika yi kina zana mata tuffa, kuma a cikinsu wace rana ce kika zauna kusa da ita kika ɗora yatsa a ƙarƙashin sunanki?